Allura a Ƙarƙashin Madubi: Tarihin Ɗinkin Jijiya da Yadda Ake Koyonsa

A shekarar da na shigo jami'a ne ɗan baffana, wanda nake kira Yaya domin ya ba ni shekara 6, ya rasa babban yatsansa na hannun dama. Maɗinkin hula ne, irin waɗanda ake kai wa aikin salla tun azumi bai kama ba don kada a rasa layi. Ran nan ya je gai da wani abokinsa a 'yan katako, ya tarar aiki ya yi masa yawa, ya kama masa turin katako a bakin inji, kafin a ce kwabo sai ga yatsa a ƙasa cikin dusar katako. Aka naɗe yatsan a tsumma, aka ɗauki Yaya a babur sai asibiti. Likitan da ya karɓe su ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya tsai da jini, ya ɗinke dungulmin. Da baffa ya warware tsumman ya miƙa masa, sai ya dubi yatsan ya ce, "Baba, akwai inda ake mai da irin wannan. Mu dai a nan ba mu da kayan aikin, kuma ba mu da mai yi." Da la'asar aka haƙa ɗan rami a gindin dalbejiyar tsakar gida aka binne yatsan.

Maganar nan ta "mai yi" ita ce ta tsaya mini a rai. Kayan aiki dai kuɗi ke sayensu, in hukuma ta ga dama sai a yi oda a kawo cikin wata guda. To, shi mai yin fa, ina ake samo shi? Bin sawun wannan tambaya ne ya kai ni ga abin da zan kawo a nan, watau tarihin tiyatar da ake yi a ƙarƙashin madubin likita, inda ake ɗinke jijiyar jini wadda kaurinta bai fi na tsinken tsintsiya ba, da kuma yadda likitan da ya riga ya gama karatunsa kan koma ɗalibi domin ya koye ta. Ni ɗalibin tarihi ne, saboda haka ina roƙon 'yan'uwana na sashen likitanci su yi mini afuwa in sun ga na sauƙaƙa abin da a wurinsu ba mai sauƙi ba ne.

Da farko ya kamata mai karatu ya san inda gizo ke saƙar. Fata in an fere ta siririya aka shimfiɗa a kan ciwo, takan rayu, domin tana tsotsar abinci daga naman da ke ƙarƙashinta har sababbin jijiyoyi su tsiro. Amma nama mai kauri, irin wanda za a cike ramin kunci da shi ko a gina hanci, da zarar an raba shi da jininsa sai ya mutu. Saboda haka dabarar mutanen da ita ce a yanko naman ta gefe uku a bar gefe ɗaya manne da jiki, a karkato shi zuwa inda ake bukata, sai ya kama can sa'an nan a yanke shi daga uwarsa, kamar dai yaɗon dankali da kan yi saiwa a inda ya taɓa ƙasa. Mutanen Indiya sun daɗe da sanin wannan, domin yanke hanci horo ne da sarakunansu kan yi, kuma tsohon littafinsu na magani da ake danganta wa Sushruta ya bayyana yadda ake gina wani hancin da fatar kunci. A 1794 wata mujallar Landan ta buga labarin wani mai korar shanun sojan Ingila a Indiya, wanda mutanen Tipu Sultan suka yanke wa hanci, wani mai sana'ar hannu a yankin Pune ya gina masa sabo da fatar goshinsa. Shekara 20 bayan haka Joseph Carpue ya gwada dabarar a Landan ta yi kyau. A Italiya kuwa, tun 1597 Gaspare Tagliacozzi na Bolonya ya wallafa tasa hanyar: a yanko fatar damtse, a ɗaure hannun mutum a kansa da ɗamara, ya zauna haka nan wajen mako 2 zuwa 3 kafin a raba hanci da hannu.

Yaƙin Duniya na Farko ya kawo raunukan fuska irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Harold Gillies, mutumin New Zealand, ya samu asibiti sukutum a Sidcup ta Ingila a 1917, inda aka yi wa mutum fiye da 5,000 aiki. Shi ne ya yaɗa dabarar naɗe fata kamar tabarma a ɗinke ta ta zama bututu don kada ta ruɓe, sa'an nan a riƙa ciyar da ita gaba zango zango: yau a cire wannan bakin daga ciki a dasa a wuyan hannu, bayan makwanni a ɗaga hannun a dasa a fuska. Aikin yana yi, amma fa soja kan share watanni, wani ma shekaru, yana yawo da nama yana reto. Kowa ya san maganin abin, watau a yanke naman ɗungurungum tare da jijiyar da ke kai masa jini da wadda ke komo da shi, a kai shi inda ake so, a haɗa su da jijiyoyin can a rana ɗaya. Sanin magani daban, iya haɗa shi daban.

Ɗinkin jijiyar jini kansa ya samo asali ne daga wani kisan gilla. A watan Yuni na 1894 wani ya daɓa wa shugaban Faransa, Sadi Carnot, wuƙa a birnin Liyon, ta yanke babbar jijiyar da ke shiga hanta, manyan likitocin garin suna tsaye jini ya ƙare masa. Wani ɗalibin likita a garin, Alexis Carrel, ya ƙudurta cewa jijiya ma abar ɗinkewa ce. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne inda ya tafi neman ilmin. Liyon gari ne na masu aikin siliki, sai ya je wurin wata gwanar surfani, Madam Leroudier, ya koyi riƙon ƙaramar allura da zare mai laushi. A 1902 ya bayyana dabararsa: a kafa ɗinki uku a kewayen bakin jijiya, a ja su, sai da'irar ta koma mai kusurwa uku, kowane gefe ya miƙe a bi shi da ɗinki ba tare da allura ta kamo bangon baya ba. Ya samu kyautar Nobel a 1912. Ba zan ɓoye ba, mutumin nan daga baya ya rubuta munanan ra'ayoyi game da kawar da waɗanda ya kira marasa amfani cikin al'umma, har jami'ar Liyon ta cire sunansa daga makarantar likitancinta a 1996. Amma ɗinkin nasa ya tsaya.

Sai dai idon ɗan Adam yana da iyaka. Jijiyar da ta kai kaurin fensir ana iya ɗinke ta da ido, amma in ta gaza milimita 3 sai a ɗinka, jini ya daskare a wurin, ta toshe. Haka aka zauna fiye da shekara 50, har likitoci suka ɗauka ƙananan jijiyoyi ba sa ɗinkuwa. Abin mamaki, madubin da zai warware matsalar yana nan cikin asibitocin. Tun 1921 Carl Nylén na Suwidin ya yi aikin kunne da madubin likita, kuma a 1953 kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da wanda aka ƙera musamman don ɗakin tiyata, likitocin kunne da na ido suna ta amfani da shi. Sai a 1960 Julius Jacobson, a Jami'ar Vermont ta Amurka, yana fama da jijiyar wuyan kare a ɗakin gwaji, ya aro madubin likitocin kunne ya leƙa. Nan ya ga ashe laifin ba na jijiya ba ne, hannu ne ke yin ɓarnar da ido bai gani. Shi da abokin aikinsa Ernesto Suarez suka ɗinke jijiyoyin da ba su kai milimita 2 ba, jini ya wuce. Da yake babu kayan aikin da suka dace, sai da ya koma ga hantsakin masu gyaran agogo da maƙeran zinariya. Daga baya ya sa Zeiss suka ƙera masa madubi mai wurin leƙawa biyu, mutum biyu suna fuskantar juna suna kallon abu ɗaya. A ganina wannan madubi mai kai biyu ya fi komai muhimmanci a tarihin da nake bayarwa, domin da shi ne malami ya samu damar ganin allurar ɗalibinsa a lokacin da take shiga.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. A watan Mayu na 1962, a Boston, jirgin ƙasa ya cire wa wani yaro ɗan shekara 12 hannu daga kusa da kafaɗa, Ronald Malt da abokan aikinsa suka mai da shi ya rayu. A Janairun 1963 Chen Zhongwei, a Asibitin Jama'a na Shida da ke Shanghai, ya mai da hannun wani ma'aikacin masana'anta da inji ya datse a wuyan hannu. Waɗannan biyu jijiyoyinsu da ɗan kauri, an yi su ba madubi. Yatsa shi ne gagara badau, domin jijiyarsa wajen milimita 1 ce. A watan Yuli na 1965, a Nara ta Japan, Shigeo Komatsu da Susumu Tamai suka mai da babban yatsan wani ma'aikaci da ya guntule gaba ɗaya, a ƙarƙashin madubi. Da na karanta wannan sai na ƙirga, na ga an yi wa wani abin da Yaya ya rasa tun kafin a haifi Yaya da shekaru masu yawa.

Wanda ake kira uban wannan sana'a a Amurka shi ne Harry Buncke. Ya yi wani zama a Glasgow, inda Thomas Gibson ya cusa masa tunanin dasa nama da jijiyarsa. Da ya koma Kalifoniya bai samu ɗakin gwaji ba, sai ya mai da garejin gidansa wurin aiki, matarsa Constance, wadda ita ma likita ce, tana taya shi. Babu allurar da ta yi ƙanƙantar da yake so a kasuwa, sai shi da wani injiniya, Werner Schulz, suka riƙa shafa wa bakin zaren nailan ƙarfe ya zama allurar kansa. Ya yi ta yanke kunnen zomo yana mayarwa, kunne na baƙi yana faɗuwa, har a 1964 ya ba da rahoton wanda ya kama. Bayan haka ya cire babban yatsan ƙafar biri ya dasa masa a hannu. Wani likitan Ingila, John Cobbett, ya bi wannan sawu, a 1968 ya yi wa ɗan Adam irin wannan aiki a East Grinstead. Can a Shanghai kuwa, Yang Dongyue ya riga ya dasa yatsan ƙafa na biyu a gurbin babban yatsan hannu tun 1966, duniya ba ta sani ba, domin ƙasar Sin a rufe take a lokacin. Sai a 1973 Buncke ya jagoranci tawagar likitocin Amurka zuwa can, suka ga ɗaruruwan hannaye da yatsun da aka mayar, suka komo jikinsu a sanyaye.

To, a nan ne maganar koyo ta shigo. Duk waɗannan mutane sun wallafa abin da suka yi, da zane da hotuna, amma wanda ya karanta ya shiga ɗakin tiyata ya gwada sai ya kashe nama. Aka gane cewa wannan aiki kamar ɗori ne ko wanzanci, ba a ɗaukarsa daga takarda, sai an zauna gaban mai yi. Likitoci suka fara niƙa gari suna tafiya inda gwanayen suke, wani ya yi wata 6, wani shekara, wani 2. Wannan zama shi suke kira feloshif. Wanda ya fara mai da shi tsari sosai shi ne Bernard O'Brien na Asibitin St Vincent da ke Melbon ta Ostareliya. Ya fara gwaje-gwajensa a wani tsohon ɗakin ajiye gawa da aka daina amfani da shi, a 1970 kuma ya kafa cibiyar bincike wadda likitoci daga ƙasashe da dama suka yi ta zuwa zama. Ɗaya daga cikin baƙin nan, wani saurayi Ba'amurke mai suna Rollin Daniel, shi ne ya haɗu da Ian Taylor a Janairun 1973 suka yanko fata da kitse daga gefen marar wani majiyyaci, da jijiyoyinsu, suka rufe masa rauni a kusa da idon sawu. Tafiyar da bututun Gillies kan yi cikin watanni, aka yi ta a zama ɗaya. A Japan ma Kiyonori Harii ya yi makamancin haka a daidai wannan lokaci. Bayan shekara 2 Taylor ya nuna ana iya ɗauko siririn ƙashin ƙwauri da jijiyarsa a cike giɓin wani ƙashin, mutum kuma ya ci gaba da tafiyarsa lafiya lau.

Yadda ake koyarwar kuwa, Robert Acland ne ya shimfiɗa ta. Baturen Ingila ne, ya yi aiki a Glasgow, a 1975 ya koma Louisville ta Amurka ya buɗe ɗakin koyarwa, kuma ƙaramin matsen da ake kama jijiya da shi har yau sunansa yake ɗauke da shi. Mai karatu ya duba wanda ake koya wa. A Amurka mutum ne da ya yi shekara 4 a jami'a, 4 a makarantar likita, 6 yana ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki. A nan gida kuwa ya yi 6 a makarantar likita, ya yi shekarar sanin makamar aiki da ta bautar ƙasa, sa'an nan wajen 6 a ƙarƙashin Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta Nijeriya. Magidanci ne, wataƙila har furfura ta fara leƙowa. Shi za a zaunar a kujera a fara koya masa zama: yadda zai dasa ƙafafunsa, yadda zai kwantar da damtse da gefen hannu a kan tebur don yatsu kaɗai su motsa, domin rawar hannun da ba a gani da ido, a ƙarƙashin madubi sai ka ce girgizar ƙasa. Akan shawarce shi ya yi barci isasshe, ya rage gahawa, kada ya ɗauki kaya mai nauyi kafin aiki, in kuma ransa ya ɓaci ya tashi ya sha iska ya komo.

Ba a fara ba shi nama. Robar safar hannu ake tsagawa a ce ya ɗinke, da zaren nailan da kaurinsa bai kai rabin na gashin kai ba, wanda in ya kuɓuce numfashi ma kan ɗauke shi. In ya iya wannan sai a ba shi cinyar kaza ko fiffikenta daga kasuwa, ya nemo jijiya ya yanke ya haɗa. Sa'an nan a kai shi ga ɓera mai rai wanda aka sa wa maganin barci, domin jijiyar cinyar ɓera kusan milimita 1 ce, daidai da ta yatsan mutum. Ɗinki 8 ko kusa da haka zai jera a kewayenta, tazararsu ɗaya. Daga nan a saki matse. Ɓera ba ya kara, ba ya jin kunyar babban likita: in ɗinki ya yi jini ya wuce, in allura ta kamo bangon baya ko ta ƙuje cikin jijiya, cikin minti kaɗan ta toshe. Malami kan tsaga jijiyar ya buɗe ta a ƙarƙashin madubi ya nuna wa ɗalibi kuskurensa ɗaya bayan ɗaya. Wannan darasi na farko mako guda ne, kwana 5.

Sauran shekarar fa? Ai ɗinkin shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake zuwa koyo. Ana koyon wane nama ya dace da wane rami, na cinya ko na baya ko na ciki. Ana koyon fere shi ba tare da an taɓa ƴar jijiyar da ke ciyar da shi ba, aikin da kan ci sa'o'i. Ana koyon neman lafiyayyar jijiya a wuyan da aka gasa da hasken maganin ciwon daji. Uwa uba, ana koyon gadi. Kwana 2 zuwa 3 na farko su ne masu haɗari, saboda haka kowace sa'a sai an duba naman: in ya yi fari fat, jini ba ya shiga, in ya kumbura ya yi shuɗi, jini ba ya fita. Ko ƙarfe 3 na dare ne sai a koma ɗakin tiyata a warware a sake, domin in aka jira gari ya waye an yi asara. Wani lokaci, in jijiyar komowa ta yi ƙanƙanta ainun, matsattsaku ake ɗora wa yatsa ya riƙa zuƙe jinin da ya taru har jiki ya yi sababbin hanyoyi, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan a 2004. Na tabbata wanzamanmu masu ƙaho za su ji daɗin wannan labari.

Wanda ya nuna da alƙaluma cewa hannu sai da maimaici shi ne Marko Godina na Ljubljana, a tsohuwar Yugoslabiya. A rahotonsa na 1986 kan majiyyata 532 masu munanan raunukan hannu da ƙafa, ya nuna cewa in aka rufe rauni da dashe cikin sa'a 72 na farko, wanda ke lalacewa bai kai 1 cikin 100 ba, in kuwa aka yi jinkiri ya kai 12. Ya kuma faɗi gaskiyar da ba kowa ke faɗi ba: a aikinsu 100 na farko 26 sun lalace, a 100 na ƙarshe 4 kawai. Amfanin zama gaban gwani ke nan, watau kada kowane sabon likita ya biya kuɗin koyonsa da naman mutum 26. Godina ya rasu a haɗarin mota a wannan shekara ta 1986 yana da ƙuruciyarsa. A manyan cibiyoyi yanzu, fiye da 95 cikin 100 na irin wannan dashe suna kamawa.

Labarin da ya fi dacewa mu yi nazari a kai shi ne na Taiwan, domin ba ta cikin waɗanda suka fara. A 1976 wani attajirin masana'antar roba, Wang Yung-ching, ya gina asibitin Chang Gung da sunan mahaifinsa, ya ɗauko Samuel Noordhoff, likitan mishan Ba'amurke da ya zauna ƙasar tun 1959, ya ba shi shugabanci. Noordhoff bai tsaya gayyato baƙi su zo su yi aiki su tafi ba. Yaransa ya riƙa turawa waje, kowa da fannin da zai ɗauko. A 1979 ya tura Fu-Chan Wei Toronto ta Kanada, ya yi shekara 2 ya komo. Ya tarar da aiki jibge: ga masana'antu suna cin yatsun leburori, ga ciwon dajin baki da ya yi yawa saboda wani ɗan itace da mutanen can ke taunawa kamar yadda muke cin goro. Wei ya inganta dashen ƙashin ƙwauri tare da fatarsa, wanda ake lanƙwasawa a gina muƙamuƙi da shi, kuma a 2002 ya ba da rahoton dashe 672 na fatar cinya kaɗai. Kafin a jima sai reshe ya juye da mujiya, likitocin Amurka da na Turai suka koma neman gurbin zama a Taiwan. Indiya ma ta bi irin wannan hanya, asibitin Ganga da ke Coimbatore ya zama zangon masu koyo, har da ƴan Afirka.

Mu fa? Muna da namu dalilin da ya fi yatsan Yaya girma. Akwai cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. A ƙasar Sakkwato wasu na ce mata ciwon iska. Takan kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa, cikin kwanaki ta huda kunci, ta ci leɓe da hanci da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba magani, har 9 cikin 10 kan mutu. Wanda ya tsira kuwa ya tashi da rami a fuska, wani muƙamuƙinsa ya ƙage ba ya iya buɗe baki, a ɓoye shi a ɗaka. Tun 1966 Michael Tempest ya wallafa bayanin yara 250 da ya gani a Ibadan. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa masa a 2014, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan ta kafa cibiya tun farkon shekarun 1990. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa a Disambar 2023 aka shigar da noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su.

Kada in wuce gona da iri. Maganin noma na gaskiya abinci ne da rigakafin ƙyanda da tsabtar baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri. Kuma yawancin ramukan ana rufe su da naman kusa, na wuya ko ƙirji ko goshi, irin dabarar su Gillies. Amma akwai manya, inda rabin fuska ya tafi, waɗanda sai an ɗauko nama daga nesa. Wasu likitocin Jamus sun wallafa a 2003 cewa sun yi irin wannan dashe a Sakkwato ya kama. Ke nan ƙasar ba ta ƙi ba. Abin da ke damuna shi ne baƙo ruwa ne, mako 2 ya yi ya koma. Wanda muka tura waje kuma, in ya komo bai tarar da madubi da zare da wutar da ba ta ɗaukewa ba, da ma'aikatan jinya waɗanda suka san bambancin fari da shuɗi da tsakar dare, hannunsa zai yi tsatsa cikin shekara guda, ko kuwa ya tattara ya koma inda ya fito. Wei ya komo ne domin akwai wurin da aka tanadar masa, da malamin da ke jiransa.

Wani abu da na koya wanda ya kamata kowa ya sani: yatsan da ya guntule ba a naɗe shi a busasshen tsumma kamar yadda muka yi. A naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle mai danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada ƙanƙarar ta taɓa naman. A haka yatsa kan jure har sa'a 24, amma hannu mai tsoka ba ya wuce rabin wannan.

Da na je gida hutun da ya wuce na tarar da Yaya a zaure yana ɗinki. Ya koyi maƙale allura tsakanin manuniya da ɗan tsakiya, hular da yake gamawa a mako yanzu sai ta ci masa uku. Na ba shi labarin Buncke da birinsa, na ce masa ko bayan shekaru ana iya cire yatsan ƙafa a dasa masa, ya yi motsi, har ya riƙa jin taɓi. Ya ajiye hular, ya miƙe ƙafa ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Wanne za su ɗauka, babban ko na kusa da shi?"

Na ce, "Ko wanne, Yaya. A ƙasashen da ake sa silifa sun fi son na biyun."

Ya ce, "To, in ka ji mai yi ya zo kusa, ka gaya musu na biyun." Ya ɗauki hularsa ya ci gaba da neman inda ya tsaya.